Tambaya kan matsin ƙasar ciko a bayan katanga mai tsayin mita 4

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu a wannan fanni. Ina roƙon a haska mini wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. An ba ni lissafin wata katangar kankare mai rodi wadda za ta tare ƙasa, tsayinta mita 4 daga ƙarƙashin harsashi zuwa saman ciko. Mafi yawan tsawonta tana tsaye ne ita kaɗai a gefen fili, amma ɓangarenta na ƙarshe shi ne bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ginin da ke maƙwabtaka da ita, inda dekin zai hau kanta ya ɗaure ta daga sama. Faɗin harsashin mita 2.6 ne, kaurinsa mita 0.4, kaurin jikin katangar mita 0.35, ƙafar gaba mita 0.6, dunduniyar da ke shiga ƙarƙashin ciko kuma mita 1.65.

Na ɗauki nauyin cikon a kan kiloniyuton 18 a kowace kubik mita, kusurwar gogayyarsa (ma'aunin yadda ƙwayoyin ƙasa ke cije juna) digiri 30, na bi hanyar lissafin matsin ƙasa ta Rankine na samu Ka, wato lambar da ke nuna kason nauyin ƙasa da ke turo katanga ta gefe, sulusi ɗaya. Da na ninka rabin Ka da nauyin ƙasar da tsayi sau tsayi, turin ya fito kiloniyuton 48 a kowace mita ta tsawon katanga, yana aiki a mita 1.33 daga ƙasa, wato ƙarfin kifarwa 64. Nauyin katangar da ƙasar da ke kan dunduniyarta ya kai 162, saboda haka rarar aminci, wato sau nawa ƙarfin da ke riƙe katanga ya ninka wanda ke tura ta, ta fito 3.8 ta fuskar kifewa, 1.7 kuma ta fuskar zamewa idan an ɗauki gogayyar harsashi da ƙasa a kan 0.5.

Babban injiniyan da ke duba aikina ya ja layi a ƙarƙashin 48 ɗin, ya rubuta tambayoyi biyu kawai a gefe: "Wa ya ce maka katangar za ta motsa? Ruwa fa?" Daga nan ya yi tafiya. Ga kuma ɗan kwangila yana matsa mini in amince ya mayar da ƙasar da ya haƙo a matsayin ciko, alhali tana da yumɓu sosai, mai aikin kuma yana son a rage faɗin harsashi, har an ba ni shawarar in lissafa turjiyar ƙasar da ke gaban katangar, mai zurfin mita 0.8, don in samu damar ragewa. Ina ne na kuskure, kuma da na bi ɗaya hanyar lissafin, ta Coulomb, da amsar ta canja?

Dattijon Zane ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ninkawa da rabawarka ba su da aibi, kuskuren yana cikin abin da ka ɗauka kafin ka fara ninkawar. Ka ɗauki Ka tamkar wata siffa ce ta ƙasar kanta, kamar nauyinta ko launinta, alhali kuwa lamba ce da ke bayyana halin da ƙasar ta shiga bayan katangar ta yi wani abu. Ƙasar da ke kwance ba a taɓa ta ba tana matsa gefenta da wani ƙarfi, shi ne matsin zaune da muke rubutawa K0. Idan katanga ta ɗan sunkuya gaba ta ba ƙasar wuri, ƙwayoyin ƙasar sukan ɗan zame su cije juna, su ɗauke wa katangar wani kaso na nauyinsu, sai matsin ya yi ta sauka har ya kai mafi ƙanƙantarsa, shi ne Ka. Idan kuwa katangar ce ke kutsawa cikin ƙasar, ƙasar takan turje, matsin ya hau har ya kai mafi girmansa, shi ne Kp. A ƙasarka mai digiri 30, lambobin uku su ne Ka 0.33 da K0 0.5 da Kp 3, ƙasa ɗaya ce, nauyi ɗaya, abin da ya bambanta su motsin katanga ne kawai.

Wannan ba hasashe ba ne. Karl Terzaghi ya gwada shi da babbar katangar gwaji a jami'ar MIT ta Amurka, aka buga sakamakon a 1934, kuma abin da aka gani shi ne motsi kaɗan ya isa ya sauko da matsin yashi zuwa Ka. Ƙiyasin da ake aiki da shi shi ne kusan kashi 1 cikin 1,000 na tsayin katanga idan yashin a daddaɓe yake, kusan kashi 4 cikin 1,000 idan sako-sako ne, wato a katangarka milimita 4 zuwa 16 a can sama. Katangar da ke tsaye ita kaɗai a kan ƙasa takan samu wannan motsi ba tare da kowa ya lura ba, ta hanyar ɗan lanƙwasar jikinta da ɗan karkatar harsashinta. Saboda haka a wannan ɓangaren, 48 ɗinka yana da hujja wajen duba zamewa da kifewa, matuƙar cikon yashi ne ko tsakuwa kuma a bushe yake.

Ɓangaren da dekin ya ɗaure kuwa ba shi da inda zai motsa, harsashi ya riƙe shi a ƙasa, dekin ya tokare shi a sama. A nan K0 za ka ɗauka, kuma ƙa'idar da Jaky, injiniya ɗan ƙasar Hangari, ya fitar a 1944 ita ce a cire sin (wata lamba ta lissafin kusurwa) na kusurwar gogayya daga 1, wanda zai ba ka 0.5. Turin ya zama 72 ke nan, ƙarin rabi a kan abin da ka rubuta. Bayan haka tsarin rodin ma ya canja, domin bangon da aka tokare sama da ƙasa yana lanƙwasowa ne ta tsakiyarsa zuwa cikin ɗaki, don haka fuskar ciki tana buƙatar rodi mai ɗaukar ja a tsakiyar tsayi, ba fuskar ciko kaɗai ba kamar yadda take a katangar da ke tsaye ita kaɗai. Na sha ganin zanen da aka kwafi rodin wannan aka liƙa wa wancan.

Akwai kuma wurin da matasa suka fi mantawa, wato mahaɗar ɓangarorin biyu. Idan aka zuba su a haɗe, 'yan mitocin farko na katangar waje ba za su iya sunkuyawa ba, domin ginin ya riƙe su ta gefe, kuma haka duk wata kusurwa da katanga ta karya kwana take. Ko dai ka sa tsagar rabuwa a mahaɗar don kowanne ya yi motsinsa, ko ka lissafa wannan yanki da K0 ka ƙara rodin kwance. Ni kaina, ko a katangar da ke tsaye ita kaɗai, nakan lissafa kauri da rodin jikinta da K0, in bar Ka wa zamewa da kifewa, domin ƙarin rodin ba shi da yawa idan aka kwatanta da abin da tsagewa za ta jawo.

Batun Rankine da Coulomb kuwa kada ya hana ka barci. Coulomb, injiniyan sojan Faransa, ya fitar da nasa a 1776, inda ya ɗauki wani yanki na ƙasa mai kusurwa uku yana zamewa a bayan bango, ya kuma lissafa gogayyar ƙasa da bangon. Rankine na jami'ar Gilasgo ya fitar da nasa a 1857, ya ɗauki bayan bangon a miƙe kuma sumul. A katanga mai doguwar dunduniya irin taka, ƙasar da ke kan dunduniyar tana tafiya tare da katangar, saboda haka ana lissafa turin ne a kan wani layi na tsaye da ya tashi daga ƙarshen dunduniya, ƙasa ce ke matsa ƙasa a wurin, kuma Rankine ya dace da haka. Ko ka bi Coulomb da gogayyar bango ta digiri 20, Ka zai fito kusan 0.30 ne, bambancin kashi 10 cikin 100. Tambayar maigidanka ta biyu ta fi wannan nauyi nesa ba kusa ba, na bar ta ga masu gwajin ƙasa.

Mai Gwajin Ƙasa ta amsa:

Na gode wa Baba da ya bar mana rabonmu. Malam Sabon Hannu, mu ɗauki katangarka yadda take, mu ce an yi kwanaki ana ruwa, magudanar bayanta ta toshe ko kuma ba a yi ta ba tun farko, ruwa ya cika cikon har sama. Ƙasar da ta jiƙe sharkaf nauyinta zai kai kusan 20, amma tunda a nutse take, ruwan yana ɗauke mata 9.81, abin da ƙwayoyinta ke dannawa da shi kusan 10.2 ne kawai. Turin ƙasar ya ragu ke nan zuwa 27. Sai dai ruwa ba shi da kusurwar gogayya, ba ya cije komai, yadda yake dannawa ƙasa haka yake dannawa gefe, lambarsa 1 ce cur ko katanga ta motsa ko ba ta motsa ba. Turinsa a mita 4 ya kai 78.5. Idan aka haɗa, katangar da ka shirya wa 48 tana fuskantar kusan 106, fiye da ninki biyu.

Abin bai tsaya nan ba, domin ruwan yana kuma shiga ƙarƙashin harsashi ya ɗaga shi. Idan muka ce matsinsa cikakke ne a ƙarshen dunduniya ya yi ta raguwa har ya ƙare a ƙafar gaba, ƙarfin ɗagawar kusan 51 ne. Nauyinka ya hau zuwa 174 saboda jiƙewar ƙasar da ke kan dunduniya, a cire 51 saura 123, rabinsa, bisa gogayyar 0.5, kusan 61, shi ne duk abin da ke riƙe katangar a gaban turin 106. Rarar amincin da ka samu 1.7 ta koma ƙasa da 0.6. Ma'ana katangar ta tafi, ba tare da an ƙara mata ko da kwandon ƙasa ɗaya ba. Shi ya sa idan aka bi diddigin katangun da suka faɗi, akan tarar da yawansu bayan ruwan sama mai yawa suka faɗi, bayan sun yi shekaru a tsaye lafiya.

Wannan ya kawo mu ga ƙasar ɗan kwangila. Yumɓu yana yaudara a kan takarda, domin idan ka sa danƙonsa a lissafi, bisa gyaran da wani injiniya mai suna Bell ya yi wa hanyar Rankine a 1915, za ka ga matsin ya ragu, har saman katangar ya nuna kamar ƙasar ba ta taɓa shi ba. Misali yumɓu mai danƙon kilofaskal 10 (kilofaskal ma'aunin matsi ne) da kusurwar digiri 20, lissafi zai nuna babu matsi har zurfin kusan mita 1.6. A zahiri abin da ke faruwa a wannan zurfin shi ne tsagewa: yumɓun ya bushe ya ja jikinsa, ya buɗe baki a bayan katanga, ruwan farko da ya sauka ya cika tsagar ya fara turi da cikakken ƙarfinsa. Sannan danƙon da aka auna a ɗakin gwaji ba ya dawwama, yumɓun da aka haƙo aka farfasa aka mayar yakan yi laushi idan ya sha ruwa, wani irinsa ma kumbura yake yi, kuma matsin kumburi yana iya zarce K0 da nisa. Ko da katangar ta sunkuya matsin ya sauka, yumɓu yakan ci gaba da rarrafowa a hankali cikin watanni har matsin ya sake hawa, katangar ta sake sunkuyawa, haka abin zai yi ta tafiya shekara bayan shekara. Ga shi kuma ba ya barin ruwa ya wuce, don haka ko an sa bututu ruwan ba zai kai gare shi da wuri ba. Idan dole ta sa aka yi ciko da shi, ban yarda a lissafa danƙonsa ko kaɗan ba, kuma digiri 30 da ka ɗauka ba nasa ba ne.

Wata dabarar da za a kawo maka ita ce a jera tsakuwa mai kaurin santimita 30 a jikin katanga, sauran a cike da yumɓun. Wannan tana taimakawa wajen tsiyayar ruwa, amma ba ta ba ka ikon lissafi da kusurwar tsakuwa ba, domin yankin ƙasar da ke turo katanga ya fi haka faɗi. Layin zamewar yana tashi ne daga dunduniya da kusurwar digiri 45 a ƙara rabin kusurwar gogayya, wato digiri 60 daga kwance, saboda haka a sama yana fita kusan mita 2.3 a bayan dunduniyar. Sai cikon kirki ya mamaye wannan yanki duka kafin lambarsa ta zama ita ce ke mulki.

Magudanar kanta ba ta da wuyar fahimta, kulawa take so. A shimfiɗa bututu mai huji-huji, faɗinsa aƙalla milimita 100, a gindin ciko, a ba shi gangara, a tabbatar yana da mafita a buɗe wadda za a iya dubawa a share. A lulluɓe shi da tsakuwa, a raba tsakuwar da ƙasar asali da ƙyallen tacewa, in ba haka ba ƙananan ƙwayoyi za su bi ruwa su cike ramukan tsakuwar cikin 'yan shekaru. A katangar waje a bar kafofin tsiyaya kusa da ƙasa, tazarar mita 1.5 zuwa 2, kowacce da matacinta a baya. Yumɓun ɗan kwangila kuma yana da wurin da zai yi amfani: a daɓe shi a saman ciko, kaurin kamar santimita 30, a karkatar da shi yadda ruwan sama zai gangara nesa da katanga. A bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa babu zancen kafofin tsiyaya, a nan sai shafen hana ruwa, kuma ra'ayina shi ne a lissafa shi da ruwa har sama.

Mai Kula da Fili ya amsa:

Injiniyoyi sun yi bayanin takarda, ni kuma zan faɗi abin da ke faruwa ranar ciko, domin a ranar ce katanga take ganin matsin da babu shi a lissafin kowa. Duk lokacin da rola ko injin daɓe ya bi ta kan shimfiɗar ƙasa, yana danna ta ƙasa, ita kuma tana bazuwa gefe ta matsa katanga, kuma idan injin ya wuce matsin gefen ba ya komawa yadda yake, wani kaso yakan maƙale a wurin. A mita ɗaya zuwa biyu na sama, inda lissafin sulusi ke cewa matsin kusan babu, wannan maƙalallen matsi yana iya zarce har K0 ɗin da Baba ya ambata, gwargwadon nauyin injin da kusancinsa da bango.

Na taɓa aiki ƙarƙashin wani ɗan kwangila da ya ƙosa a buɗe wa motocin kaya hanya, ya sa aka cike bayan bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa tun ba a zuba dekin ba, aka kuma bi da babbar rola har jikin bangon. Na yi magana, aka ce ai rodi ya isa. Washegari muka tarar da tsaga a kwance ta bi gindin bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan, saman kuma ya shigo ciki yadda igiyar awo ta nuna ƙarara. Bangon an zana shi ne ya jingina da dekin, da aka ɗora masa kaya babu dekin sai ya koma katanga mai tsayuwa ita kaɗai, alhali ba a sa masa rodin wannan aiki a gindi ba. Sai da aka kwashe cikon duka aka sare bangon.

Saboda haka, Injiniya, ka rubuta sharuɗɗan ciko a jikin zanen da kansa, inda mai aiki zai gani, kada ka bar su a cikin kundin da ba a buɗewa a fili. Kada a fara ciko sai kankaren ya yi ƙarfin da aka zana shi a kai, wanda akan auna a kwana 28, kada kuma a cike bayan bangon ɗaki sai dekin ya zauna ya yi ƙarfi ko an kafa tokara masu ƙwari. A riƙa zubawa shimfiɗa-shimfiɗa, kaurin santimita 15 zuwa 20, kusa da bango a yi amfani da ƙaramin injin hannu, babbar rola ta tsaya aƙalla mita 2 daga jikinsa. Kada a yarda tifa ta juye kaya kai tsaye a jikin bango, kada kuma a yarda da masu cewa a kwarara ruwa ciko ya zauna da kansa, domin bayan bayanin Hajiya Mai Gwajin Ƙasa kowa ya ga abin da wannan ruwan zai yi.

Dattijon Zane ya sake amsawa:

Na yarda da Hajiya a kan bangon ɗaki, amma kada Sabon Hannu ya fahimci cewa dole kowace katangar waje a lissafa ta da ruwa har baki, domin idan aka yi haka kaurinta da faɗinta za su kai inda mai aiki zai gudu ya nemi wanda ba ya lissafi sam. Abin da nake yi shi ne in tsara magudana da gaske, sannan in gwada katangar da ruwa zuwa rabin tsayi a matsayin ranar da magudanar ta gaza. A taka, ruwan mita 2 yana kai turin kusan 62, ɗagawar ƙarƙashi kusan 25, rarar zamewa ta tsaya wajen 1.1. Ba ta da daɗin gani, amma katangar tana nan tsaye har a zo a share bututu. Turin ruwa yana hawa ne da zurfi sau zurfi, shi ya sa rabin zurfi ke ba da rubu'in turi, 19.6 a maimakon 78.5.

Turjiyar ƙasar gaba kuwa, da Kp na 3 da zurfin mita 0.8 za ka samu kusan 17 a takarda, ni kuma ba zan ba ka ko ɗaya daga ciki ba. Kafin ƙasa ta ba da cikakkiyar turjiyarta sai katanga ta kutsa cikinta da motsin da ya ninka na Ka sau goma ko fiye, wato sai ta riga ta zame yadda ido zai gani. Ƙasar gaban katanga kuma ita ce wadda ruwa ke zaizayewa, ita ce wadda wani zai zo bayan shekara biyar ya haƙa don binne bututu ko waya, bai san yana cire wa katanga tokara ba. Idan zamewa ce ta dame ka, ka tsawaita dunduniya, ko ka fitar da haƙorin kankare a ƙarƙashin harsashi inda babu mai haƙawa, ko a nan ma rabin turjiyar za ka lissafa. Ka kuma kiyayi Coulomb a wannan ɓangaren: da gogayyar bango ta digiri 20 zai ba ka Kp sama da 6, wanda ya zarce gaskiya, domin layin zamewar turjiya a lanƙwashe yake, shi kuma ya ɗauke shi a miƙe.

Sabon Hannu ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba da Hajiya da Malam. Na raba lissafin gida biyu, na sa tsagar rabuwa a mahaɗa, na cire turjiyar gaba, na kuma rubuta sharuɗɗan ciko a zanen. Saura abu ɗaya: yau aka sanar da ni cewa motoci za su riƙa tsayawa a saman cikon katangar waje. Na ga ana ɗaukar kilofaskal 10 a irin wannan hali. Shin zan ƙara nauyin a kan dunduniya, tunda shi ma yana danne katangar?

Mai Gwajin Ƙasa ta amsa:

Kada ka ƙara shi wajen duba zamewa da kifewa, domin mota tana iya tsayawa a bayan dunduniya, ta turo katangar ba tare da ta danne ta ba, kuma wannan ne hali mafi muni. Wajen duba matsin harsashi a kan ƙasa da rodin dunduniya ne za ka ɗora shi a kai. Turinsa Ka ne sau 10 sau 4, wato 13.3, kuma tunda matsinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, yana aiki ne a rabin tsayi, ba a sulusi ba, ƙarfin kifarwarsa kusan 27. Jimillar turi ta zama 61.3, abin riƙewa yana nan 81, wato rabin 162, rarar zamewa ta sauka zuwa 1.3, ƙasa da 1.5 da ake nema. Kowace mita da ka ƙara wa dunduniya tana kawo nauyin kusan 74, don haka kana buƙatar ƙarin santimita 30, harsashin ya koma mita 2.9. Mai aikin da ke son ragi, ƙari ne ya same shi.

Ga kuma lissafin da za ka ajiye a gabansu shi da ɗan kwangila. Idan aka kawo tsakuwa mai yashi, mai tsafta, wadda gwaji ya tabbatar kusurwarta ta kai digiri 35 bayan daɓe, aka cika yankin zamewar duka da ita, Ka zai sauka zuwa 0.27, turin ƙasa 39, na motoci kusan 11, jimilla 50, rarar zamewa 1.6 a kan harsashin mita 2.6 da ka riga ka zana. Sai dai 0.5 ɗin da ka ɗauka na gogayyar harsashi ya dogara ne ga ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ba ga ciko ba, kuma tunda ka ce abin da aka haƙo yumɓu ne, ina zargin a kan yumɓun harsashin zai zauna, inda lambar za ta iya yin ƙasa da haka sosai. Ka nemi a ɗebi samfur daga gindin ramin a gwada kafin a zuba kankaren share fage, ka kuma gaya mana ko ƙasar da ke gaban katangar shimfiɗaɗɗiya ce ko gangara ce, domin idan gangara ce akwai lissafin zamewar tudun gaba ɗaya, da katangar da harsashinta a ciki, wanda ba mu taɓa ba tukuna.